Sifilin da Ya Ɓata, ko Yadda Na'urori Ke Aika wa Juna Saƙo

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in yi muku bayanin wani abu da muke amfani da shi kullum amma ba mu taɓa ganinsa da ido ba, watau yadda na'ura ke aika wa 'yar'uwarta saƙo har ta fahimta. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa shi ne wani abu da ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce, wanda saura ƙiris ya ɓata zumunci.

Mu mutanen Gwandu ne, amma mahaifina yana noman shinkafa tare da kawuna a Kalgo. Da aka gama girbi, sai su da sauran manoman ƙungiyarsu suka sayar wa wani kamfani shinkafarsu, aka ce za a tura wa kowa kuɗinsa ta banki. Kawu ne ya tattara sunaye da lambobin asusu ya kai. Bayan kwana huɗu kowa ya ga kuɗinsa sun shiga, ban da mutum uku, mahaifina na cikinsu. Aka yi mako guda, aka yi biyu, shiru kamar an shuka dusa. Baba bai ce wani ya ci kuɗinsa ba, amma ya daina tambayar lafiyar Kawu. Mahaifiyarmu ta rasa inda za ta sa kanta, ga miji ga ɗan'uwa. Ni ma hankalina ya tashi, don an kusa komawa makaranta, ba kuɗin mota, ba na sabulu, balle na gari da ƙuli.

Ana cikin haka sai ɗan kawun nan nawa, taubashina, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya roƙi a samo masa takardar da aka buga sunayen. Yana dubawa sai ya ce wa mahaifinsa, "Baba, don Allah ƙirga lambar nan." Aka ƙirga, tara. Lambar asusun banki kuwa a Nijeriya goma ce cif, tun da aka fara aiki da wannan tsari na Babban Bankin Nijeriya a 2011. Ashe mutanen nan uku duk lambobinsu da sifili suka fara. Akawun da ya shigar da su cikin kwamfuta bai gaya mata cewa waɗannan lambobi sunan asusu ne ba, ita kuwa ta ɗauka adadi ne na lissafi. A lissafi kuwa 07 da 7 duk ɗaya ne, sai ta yar da sifilin. Aka mayar da shi, washegari kuɗi suka shiga.

Abin ya tsaya mini a rai. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, saboda haka na matsa wa taubashina da tambaya, da muka dawo kuma na matsa wa malaminmu na kwamfuta. Ga abin da na samo.

Na'ura ba ta san komai ba sai lamba

Da farko, kwamfuta, da wayar hannu, da na'urar POS, duk abu biyu kaɗai suka sani, watau akwai wuta ko babu wuta. Masana sukan rubuta su da 1 da 0, kowane ɗaya kuma sunansa bit. In aka jera bit takwas, sun zama bayit guda. Ku ɗauka fitilu takwas ne aka jera bisa katanga, kowace tana iya zama a kunne ko a kashe. In ka yi lissafi, za ka ga ana iya jera su hanya 256 daban daban, saboda haka bayit guda yana iya ɗaukar kowace lamba daga 0 zuwa 255.

To, yaya za a rubuta harafi da lamba? Sai aka yi yarjejeniya. A 1963 aka fito da wata ƙa'ida a Amurka mai suna ASCII, wadda ta ba kowane harafin Turanci lambarsa. A cikinta babban A shi ne 65, babban B 66, ƙaramin a kuma 97. In ka rubuta Kalgo, abin da ke shiga cikin na'ura shi ne bayit biyar, watau 75, 97, 108, 103, 111.

A nan ne gizo ke saƙa. In na'ura ta ga 65, ba ta da hanyar sanin ko harafin A ake nufi, ko buhu 65 na shinkafa, ko kuwa hasken wani ɗigo a cikin hoto. Tilas a gaya mata irin abin da ta riƙe: rubutu ne, ko adadi, ko kwanan wata, ko amsar i ko a'a. Wannan shi ake kira nau'in bayani, rashinsa kuma shi ya cinye sifilin mahaifina.

Malaman Gwandu sun riga mu sani

Da nake ba kakana wannan labari, shi kuwa almajiri ne tun na da, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ɗan boko, komai sai ka ce yau aka fara shi. Ɗauko mini allo."

Ya tuna mini cewa a 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya danƙa wa ƙanensa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke nan garinmu, kula da yammacin daula, kuma malaman wannan zamani sukan rufe waƙoƙinsu da littattafansu da abin da ake kira ramzi, watau rubuta shekara da haruffa. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, lam 30, ra 200, har zuwa sama. Ya rubuta mini shin, da ra, da lam, da ba. Ya ce shin 1000 ne, in ka tara da 200 da 30 da 2 ka sami 1232, shekarar Hijira da Shehu ya rasu, daidai da 1817.

Abu biyu na koya daga wannan. Na ɗaya, haruffan nan huɗu wanda bai sani ba zai karanta su kamar kalma, ya yi ta neman ma'anarta. Don haka mai waƙa yakan ambaci ramzi ko shekara kafin ya kawo su, domin mai karatu ya san nan lissafi zai yi. Ya faɗi nau'in bayaninsa ke nan. Na biyu, Kaka ya ce hisabi iri biyu ne. Namu na nan irin na Magariba ne, inda shin yake 1000. A hisabin mutanen gabas kuwa, irin su Masar, shin 300 ne. Saboda haka in takardar Gwandu ta faɗa hannun malamin da bai san wannan ba, zai tara ya sami 532, ya yi kuskuren shekara 700 alhali bai canja ko ɗigo ba. Haruffa ɗaya, ƙa'ida biyu, amsa biyu. Wannan ita ce ainihin matsalar da na'urori ke fama da ita yau.

Harsunan kwamfuta

Umurnin da ake rubuta wa na'ura shi ake kira manhaja, kuma da harsuna na musamman ake rubuta shi. Harsunan nan suna da yawa, kamar dai yadda a kasuwanninmu za ka ji Hausa, da Fillanci, da Zabarmanci, da Dakarci. Akwai COBOL na 1959, wanda har yanzu wasu manyan bankunan duniya ke aiki da shi. Akwai C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972. Akwai Python na Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, wanda ya fito a 1991. Java da JavaScript kuma duk a 1995 suka fito.

Kowane harshe da yadda yake ajiye kayansa a cikin rumbun na'ura. Alal misali, Java yakan ware wa adadi na yau da kullum bayit huɗu, ba ƙari ba ragi. Python kuwa yakan yi ta ƙara wuri gwargwadon girman adadin. A harshen C, girman wurin yakan danganta da irin na'urar. Saboda haka ba ya yiwuwa manhaja ta kwashi abin da ke rumbunta yadda yake ta miƙa wa wata. Bugu da ƙari, hanyar da saƙo ke bi, ko ta waya ko ta iska, ƙunci gare ta, sai dai bayit su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Kowa ya taɓa ganin yadda ake kai gadon amarya. Ba ya shiga ƙofa a haɗe. Sai an kwance shi, ƙafafu daban, allon kai daban, katakan tsakiya daban, a shigar da su ɗaya ɗaya, sa'an nan kafinta ya sake haɗa shi a cikin ɗaki. Haka manhaja ke yi. Takan kwance bayaninta ta jera shi bayit bayan bayit bisa wata ƙa'ida, ta tura, mai karɓa kuma ta sake haɗa shi yadda harshenta ya saba. Sunan da masana suka ba wannan aiki ma'anarsa ita ce jerantawa. In wanda ya kwance gado da wanda zai haɗa ba su fahimci juna ba, to, amarya ƙasa za ta kwana.

Abubuwa huɗu da tilas a daidaita a kansu

Na farko shi ne nau'i, wanda muka riga muka gani. Lambar waya, da lambar asusu, da BVN da NIN masu lambobi 11, duk da lambobi ake rubuta su, amma ba wanda ke tara su ko ya raba su. Sunaye ne, saboda haka a matsayin rubutu ya kamata a aika su. Akwai ma wani dalili. Gurbin adadi na yau da kullum a JavaScript ba ya iya riƙe cikakken adadi daidai in ya wuce 9,007,199,254,740,991. Lambar katin banki kuwa takan kai lambobi 16, wasu har 19. In aka aika ta a matsayin adadi, lambobin ƙarshe suna iya canjawa ba tare da kowa ya sani ba.

Na biyu shi ne wane ne zai gabata. Mu muna cewa ashirin da biyar, Balarabe kuwa biyar yake fara faɗa kafin ashirin. Na'urori ma haka suka rabu. Ɗauki 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ta fi ƙarfin bayit guda, sai an raba ta biyu, watau 7 da 199, domin 7 sau 256 a tara da 199 shi ne 1991. Wasu na'urori 7 suke fara ajiyewa, wasu kuwa, kamar yawancin kwamfutoci da wayoyin da ke hannunmu, 199 suke farawa da shi. In mai karɓa ya juya su, zai lissafa 199 sau 256 a tara da 7, ya sami 50,951. Don gudun haka aka yarda cewa a ƙa'idojin intanet babban ɓangaren ke gabata. Kwanan wata ma yana da irin wannan rikici. In ka rubuta 03/04/2009, a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris ne. Shi ya sa a 1988 aka kafa ƙa'idar duniya ta a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar haka: 2009-04-03.

Na uku shi ne tsawo. Tun da bayit a jere suke zuwa ba tazara, tilas mai karɓa ya san inda suna ya ƙare da inda lambar asusu ta fara. Hanya uku ake bi. Ko a yanka wa kowane gurbi tsawonsa tun farko, ko a sa alama a ƙarshe, kamar yadda C ke rufe rubutu da bayit na sifili, ko kuwa a fara faɗin tsawon, a ce haruffa biyar na tafe, sa'an nan a kawo su. Haka kuma tilas mazubi ya isa abin da za a zuba. Bayit huɗun nan na Java iyakarsu 2,147,483,647, wanda in kwabo ake ƙirgawa bai kai naira miliyan 22 ba. Ran 4 ga Yuni, 1996, wani kumbon Turawa mai suna Ariane 5 ya tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinsa, saboda manhajarsa ta yi ƙoƙarin zuba adadi mai bayit takwas cikin gurbi mai bayit biyu, wanda iyakarsa 32,767. Kamar dai a ce za a juye tulu cikin moɗa.

Na huɗu shi ne awo. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san in aka ce goma, sai ka tambaya, mudu goma ko tiya goma, kuma mudun wace kasuwa. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mas, domin wata manhaja tana ba da ƙarfin turi da awon Ingilishi na fam, mai karɓa kuwa tana ɗauka awon mita da kilo ne. A sha'anin kuɗi ma akwai irin wannan hattara. Na'ura ba ta iya riƙe wasu gutsattsarin lamba daidai. Malaminmu ya sa mun tara 0.1 da 0.2 a Python, sai ga amsa 0.30000000000000004. Saboda haka masu manhajar kuɗi sukan mai da komai kwabo, su aika cikakken adadi.

Abin da ke faruwa a rumfar mai POS

Bari mu ga yadda waɗannan ƙa'idoji ke aiki a inda muka sani. A ce ka je wurin mai POS a kasuwar Kalgo za ka ciri naira 25,000. Da ka sa katinka ka danna lambar sirri, na'urar za ta shirya saƙo bisa wata ƙa'idar duniya mai suna ISO 8583, wadda ta fito a 1987.

Saƙon yakan fara da lambobi huɗu masu faɗin irinsa. In an ga 0200, to, roƙo ne na a biya kuɗi. Bayansa sai jerin bit 64, kowane yana tsaye a madadin gurbi guda, 1 na nufin wannan gurbi yana cikin saƙon, 0 na nufin babu shi. Kamar dai kiran suna a aji, kafin a fara darasi an san wanda ya zo. Sa'an nan sai gurabun su biyo a jere. Gurbi na 2 lambar kati ne. Gurbi na 4 shi ne kuɗi, tsawonsa lambobi 12, kuma da kwabo, saboda haka naira 25,000 takan tafi a matsayin 000002500000. Gurbi na 49 yakan faɗi irin kuɗin, lambar naira kuwa 566 ce. Lambar sirrinka ba a aika ta a fili, sai an kulle ta.

Saƙon nan zai bar rumfar, ya bi ta kamfanin sadarwa, ya ratsa na'urorin da ke haɗa bankuna, ya isa bankinka. Mai yiwuwa kowace na'ura a hanyar da harshe daban aka rubuta manhajarta, waɗanda suka rubuta su kuma ba su taɓa ganin juna ba. Duk da haka kowace ta san gurbi na 4 kuɗi ne. Banki zai mayar da amsa mai farawa da 0210, hukuncinsa kuma yana gurbi na 39. In 00 ne, an amince. In 51 ne, kuɗin asusunka ba su kai ba. In 91 ne, ba a sami bankin ba a wannan lokaci. Ku duba rasit ɗin da ake ba ku, sau da yawa za ku ga waɗannan lambobi a jiki. Duk wannan tafiya da dawowa cikin 'yan daƙiƙoƙi ake yinta.

Hanya biyu ta shirya saƙo

Masu rubuta manhaja suna da manyan hanyoyi biyu na jeranta bayani. Ta farko ita ce a rubuta shi yadda mutum ma zai iya karantawa. A cikin irin wannan akwai XML na 1998, da JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000. Da a ce da JSON aka aika bayanin mahaifina, da ga yadda zai kasance:

{"gari": "Kalgo", "asusu": "0123456789", "buhu": 40}

Ku lura, lambar asusu tana tsakanin alamun zance, watau rubutu ce, ba mai taɓa sifilinta. Amma 40 tsirara take, watau adadi ce, ana iya lissafi da ita.

Hanya ta biyu ita ce a matse saƙon ya zama bayit zalla. Misalinta shi ne Protocol Buffers, wanda kamfanin Google ya sakar wa jama'a a 2008. A nan mai aikawa da mai karɓa sukan riƙe takardar yarjejeniya guda tun kafin a fara, wadda ta ce gurbi na 1 gari ne kuma rubutu, na 2 asusu ne kuma rubutu, na 3 buhu ne kuma adadi. Daga wannan takarda ake fitar wa kowane harshe manhajar da za ta kwance ta kuma haɗa. Saboda haka ba sai an rubuta kalmar buhu ba. Bayit biyu sun isa, 24 da 40. Shi 24 ɗin 3 sau 8 ne, yana nuna gurbi na 3 mai ɗauke da cikakken adadi. A JSON kuwa wannan magana ba ta kasa bayit tara ba.

Kowace hanya da amfaninta. Ta farko tana da sauƙin dubawa in an yi kuskure, ta biyu kuwa ta fi sauri da tsimin data, amma in takardar yarjejeniya ta ɓace, fassara saƙon ya zama aiki.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Akwai ɓangaren wannan magana da ya shafe mu Hausawa musamman. Tun shekarun 1930 ake rubuta boko da ɓ, da ɗ, da ƙ, amma ASCII gurbi 128 kaɗai gare ta, ba ta kuwa san da su ba. Sai a 1991 aka fito da Unicode, wadda ta nufi ba kowane harafi na kowane harshe a duniya lambarsa. A cikinta ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. Haruffan Larabci da muke ajami da su suna ciki, har da alamar naira.

Da yake waɗannan lambobi sun wuce 255, bayit guda ba ya ɗaukarsu. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar jeranta su mai suna UTF-8, wadda yawancin shafukan intanet ke bi yau. A cikinta haruffan Turanci suna nan da bayit guda guda, ƙ kuwa biyu take ci, 198 da 153, ɗ kuma 201 da 151. In mai karɓa bai san UTF-8 aka bi ba, ya karanta da tsohuwar ƙa'idar Turawan yamma, sai ya ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Nan ne za ka ga ƙasa ta koma Æ™asa, ɗa ya koma É—a. Na tabbata da yawanku kun taɓa ganin irin wannan a takarda ko a waya, kuka ce na'ura ta haukace. Lafiyarta lau, hisabin gabas ne ta karanta ramzin Gwandu da shi.

Wasu don gudun wannan sukan yar da lanƙwasar gaba ɗaya. Amma fa baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban. Maganin abin shi ne masu rubuta manhaja su bi ƙa'idar da ta san da harshenmu, irin waɗannan masu rubutu kuwa ba inda za su fito sai cikinmu.

Shawara

Daga ƙarshe, ga 'yar shawarata. Iyayenmu, in za a rubuta muku lambar asusu, ku sa a ƙirga, goma ce, kuma ku sa a karanta muku sunan da ya fito kafin a tura kuɗi. In za a rubuta ranar haihuwar yaro, a faɗi sunan watan da baki, kada a tsaya ga lamba kaɗai, kuma a tabbata yadda aka rubuta suna a takarda ta farko haka aka rubuta shi a sauran. In kuɗi sun makale, a fara duba takarda kafin a zargi mutum. Rigakafi ya fi magani.

Mu kuma 'yan makaranta, musamman masu shirin cika takardun jarrabawar fita da ta shiga jami'a, mu riƙa duba abin da aka shigar mana harafi bayan harafi kafin mu bar wurin. Kada kuma mu raina darasin lissafi da na kwamfuta, don duk abin da na kawo a nan bai wuce tarawa da sau ba.

Shi kuwa Baba, ran da kuɗin suka shiga, da kansa ya hau mota ya tafi Kalgo da ƙwaryar goro, ya nemi gafarar Kawu a kan zaton da ya yi, ko da yake bai taɓa furta shi ba. Taubashina kuma har yau yana bina bashin tukwici, wai shi ya tsamo mini kuɗin gari da ƙuli. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kuma bar zumunci, amin.